Makaman Nukiliya da Zaman Kar-ta-san-kar: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Teburin Mai Shayi

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Jos. Bayan sallar isha'i nakan zauna a teburin wani mai shayi da ke gefen titin Bauchi, inda a sanyin Disamba kowa ke rungume da kofinsa yana ɗumama hannu kafin ya kurɓa. Da can hirarmu ba ta wuce siyasa da ƙwallo. Tun da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, sannan Isra'ila da Amurka suka kai wa cibiyoyin nukiliyar Iran hari a Yunin 2025, da na zauna sai wani ya miƙo mini waya: "Malam, duba wannan bidiyon, wai an kusa tashin duniya?" Tambayoyin da suka fi maimaituwa ne na tattara a nan, da amsoshin da nake bayarwa. Inda ra'ayina ne, zan ce ra'ayina ne.

Malam, wai mece ce wannan dabarar razanarwa da manyan ƙasashe ke fakewa da ita?

In an cire manyan kalmomi, kar ta san kar ce. Ka sa abokin gabarka ya tabbata cewa ranar da ya taɓa ka, abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin duk wata riba da yake hange. Tun a 1946, shekara guda bayan Hiroshima, wani masani Ba'amurke mai suna Bernard Brodie ya ce daga yanzu babban aikin soja ya tashi daga cin yaƙi ya koma hana shi aukuwa. A kan wannan tunani aka gina komai.

Mallakar bam kaɗai ba ta isa ba. Dole abokin gaba ya yarda cewa za ka iya harbawa da gaske, kuma dole ya san cewa ko ya riga ka bugu, akwai sauran abin da za ka rama da shi. Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan dabarar. Shi ya sa Amurka da Rasha suka raba makamansu gida uku: wasu a ramukan ƙarƙashin ƙasa, wasu a jiragen sama, wasu a jiragen ruwa masu nutso da ba a san inda suke ba. Birtaniya ta dogara ne kacokan kan masu nutson. Guda huɗu gare ta, kuma tun 1969 ba a taɓa rasa ɗaya a cikin teku ba. Duk sabon firaminista yakan rubuta wasiƙa da hannunsa, a kulle ta cikin akwatin ƙarfe a kowane jirgi, wadda ke gaya wa kwamanda abin da zai yi idan an wayi gari babu gwamnati a Landan.

A shekarun 1960 sakataren tsaron Amurka Robert McNamara ya mayar da wannan manufar gwamnati: kowane ɓangare ya san cewa in aka fara, babu mai tsira. Mu da Hausa mun riga mun raɗa wa irin wannan suna, mutuwar kasko.

Su wa ke da shi, kuma guda nawa ne?

Ƙasashe tara. Amurka ta fara a 1945, Tarayyar Sobiyet ta yi gwajinta a 1949, Birtaniya 1952, Faransa 1960, Sin 1964. Indiya ta gwada a 1974, ta sake a Mayun 1998, Pakistan ta mayar mata da martani a cikin watan. Koriya ta Arewa ta shigo a 2006. Isra'ila ba ta taɓa cewa tana da shi ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta da shi ba, amma babu mai shakka.

Jimillar kawunan nukiliya a duniya kusan 12,000 ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na hannun Rasha da Amurka. A tsakiyar shekarun 1980 sun kai kusan 70,000, don haka an rage sosai. Sai dai ƙarfin bam ɗin Hiroshima kamar tan dubu 15 ne na nakiya, irin wadda masu fasa dutse suka sani, kuma ya kashe mutane kusan 140,000 kafin ƙarshen 1945. Da yawa daga cikin na yau sun ninka shi sau goma ko fiye.

To ai shekara 80 ke nan ba a sake yaƙin duniya ba. Wannan bai isa hujja cewa dabarar tana aiki ba?

Nan ne ainihin gardamar take, kuma masana sun rabu tun da daɗewa.

Masu goyon baya suna da hujja mai nauyi. Tsakanin 1914 da 1945 manyan ƙasashe sun gwabza sau biyu, an rasa miliyoyin rayuka. Daga 1945 zuwa rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Amurka da Sobiyet sun yi zaman doya da manja, tankokinsu har sun tsaya suna kallon juna a Balin a 1961, amma ba su yi yaƙi gaba da gaba ba. Wani masani, Kenneth Waltz, ya kai maganar maƙura a 1981, ya ce ƙaruwar masu bam na iya ƙara zaman lafiya, domin duk shugaban da ya riƙe irin wannan makami yakan yi sanyi. Scott Sagan ya ƙalubalance shi, ya ce ba shugaba ɗaya mai nutsuwa ne ke riƙe da bam ba. Rundunoni ne da ma'aikatu da na'urori da mutane masu gajiya da kuskure da ɓoye laifi.

Akwai kuma abubuwan da masu goyon bayan ba su cika son a tuna musu ba. Sin da Sobiyet, dukansu da bam, sun yi artabu a kan iyakarsu ta kogin Ussuri a 1969. Masar da Siriya sun far wa Isra'ila a 1973 ba su ji tsoron abin da ta ɓoye ba. Ajantina ta ƙwace tsibiran Falkland daga hannun Birtaniya a 1982. Indiya da Pakistan sun gwabza a Kargil a 1999, shekara guda kacal bayan gwaje-gwajensu, sun kuma yi musayar makamai masu linzami na kwana huɗu a Mayun 2025. Har wasu na cewa bam ɗin ne ke ba da ƙarfin gwiwar tsokana, tunda kowa na ganin ɗayan ba zai bari abin ya yi nisa ba.

Abin da mu 'yan Afirka bai kamata mu manta ba shi ne, wancan zaman lafiyar na Turai ne. Yaƙin cacar baka ya ci rayuka a Angola da Mozambik da Kwango da Habasha da Somaliya, da Biyetnam da Afganistan. Manyan sun ji tsoron taɓa juna, sai suka riƙa gwada ƙwanji a gidajen wasu.

Ni dai a ganina, tsoron bam ya taimaka wajen hana babban yaƙi, musun wannan taurin kai ne. Amma abin da bai faru ba, ba ka da yadda za ka tabbatar da dalilin rashin faruwarsa. Mutumin da ya shekara 30 yana tuƙi da mataccen birki bai yi hatsari ba, zai rantse maka ƙwarewarsa ce.

Wane irin kuskure ne zai iya jawo yaƙin nukiliya, alhali kowa na tsoro?

Mutumin Jos bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba. Wata rana ina kasuwar Taminus ina cinikin tumatir, sai tayar wata babbar mota ta fashe. Kafin in juya, mai tumatir ɗin ta bar ni da faifanta, ƙofofin shaguna na ta rugugi, wani yaro ya wuce ni da takalmi ƙafa ɗaya. Ba a yi minti goma sha biyar ba uwargida ta kira ni daga gida, wai an ce an fara. Babu wanda ya yi niyyar komai. Amma garin da ya ga Satumbar 2001 da Nuwambar 2008 da Janairun 2010, ya kuma ga bama-baman Mayun 2014 a wannan kasuwar, ba ya tsayawa tambayar mene ne ya fashe. Da a ranar kowane ɓangare na da maɓallin da zai danna cikin minti biyar, Allah kaɗai ya san yadda za a kwana.

Haka manyan ƙasashen suke zaune. Makami mai linzami daga Rasha zuwa Amurka kusan minti 30 yake yi, wanda aka harbo daga teku ma bai kai haka ba. In na'ura ta ce an harbo, shugaba na da 'yan mintoci ya zaɓa: ya rama kafin a ragargaza nasa makaman, ko ya jira ya ga ko ƙarya ce.

A ranar 26 ga Satumbar 1983 na'urar gargaɗin Sobiyet ta nuna Amurka ta harbo makamai biyar. Hafsan da ke bakin aiki, Laftanar Kanal Stanislav Petrov, ya yi tunanin cewa wanda zai fara irin wannan yaƙi ba zai fara da biyar ba, sai ya kai rahoton cewa na'urar ce ta yi kuskure. Daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. A rikicin Kyuba na Oktoban 1962 kuwa, yayin da shugabannin Amurka da Sobiyet, Kennedy da Khrushchev, ke neman mafita, jiragen ruwan Amurka sun yi ta jefa ƙananan nakiyoyi don tilasta wa wani jirgin Sobiyet mai nutso ya fito, ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Kamar yadda mutanen cikin jirgin suka ba da labari daga baya, kyaftin ya fusata ya so harbawa, wani hafsa mai suna Vasili Arkhipov ne ya hana. Ko a Janairun 2018, an aika wa mutanen Hawaii saƙon waya cewa makami na tafe su nemi mafaka, sai da aka yi minti 38 kafin a ce kuskure ne.

Bayan Kyuba ne aka kafa layin sadarwa na kai tsaye tsakanin Washinton da Mosko a 1963. Irin abin da dattawan unguwanni suka koya ne a nan: kowa ya riƙe lambar na ƙetaren titi, in an ji ƙara a kira a tambaya kafin matasa su fito.

Me ya sa ake rigima a kan garkuwar kakkaɓo makamai? Ai kare kai ba laifi ba ne.

Wannan ya kan ɗaure wa mutane kai. A lissafin mutuwar kasko, wanda ya samu garkuwa shi ne abin tsoro, domin zai iya fara bugu ya kuma tare ɗan abin da ya rage wa abokin gabarsa. Shi kuma ɗayan, don kada a mayar da shi kyanwar Lami, sai ya ƙara yawan makamai har su fi ƙarfin garkuwar. Saboda haka ne Amurka da Sobiyet suka yi yarjejeniya a 1972 suka taƙaita wa kansu irin wannan kariya, wato kowa ya yarda ya bar ƙirjinsa a buɗe. Amurka ta fice a 2002, kuma har yau Rasha na kafa hujja da hakan duk lokacin da ta fito da sabon makami.

Akwai wanda ya yi alkawarin ba zai fara harbawa ba?

Sin ta yi tun ranar gwajinta na farko a 1964. Indiya ma ta yi, da 'yan sharuɗɗa. Pakistan ta ƙi, don ta san sojojin Indiya sun fi nata yawa. Amurka ba ta taɓa yi ba, kuma ƙawayenta irin su Japan da Koriya ta Kudu da ƙasashen NATO na cikin masu hana ta, domin a ƙarƙashin inuwar bam ɗinta suke fakewa. Har yanzu akwai bama-baman Amurka a jibge a Jamus da Italiya da Beljiyam da Holan da Turkiyya. Rasha ta ce ta kai nata Belarus a 2023, a Nuwambar 2024 kuma ta sassauta sharuɗɗan da za su sa ta yi amfani da nukiliya.

Masu sukar alkawarin na cewa fatar baki ce, ranar da wuya ta yi wuya babu mai tuna shi. Masu kare shi na cewa in ka gina rundunarka bisa wannan alkawari, ba ka buƙatar ajiye makamai cikin shirin ko-ta-kwana, kuma hakan na rage hatsarin irin daren Petrov. Na fi karkata ga na biyun.

Gaddafi ya miƙa nasa aka kashe shi, Yukren ta miƙa nata aka mamaye ta, Kim na Koriya ta Arewa ya riƙe nasa yana nan daram. Ba shi ke nan an gama magana ba?

Wani direban tirela ne ya fara jefo mini wannan, kuma gaskiya sai da na ajiye kofina. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma babu shakka shugabanni da yawa haka suka karanta darasin.

Amma a duba da kyau. Libiya ba ta da bam lokacin da ta watsar da shirinta a Disambar 2003. Kayan aiki ne ta saya daga hannun dillalan masanin Pakistan Abdul Qadeer Khan, da yawa ko buɗe su ba a yi ba. Abin da ya fara kayar da Gaddafi a 2011 kuwa tawaye ne daga cikin gida, kafin jiragen NATO su ƙarasa. Yukren ta gaji makaman Sobiyet masu yawan gaske a ƙasarta, amma makullan harbawa na Mosko, kuma a lokacin ba ta da kuɗin kula da su. Abin da ta karɓa a yarjejeniyar Budapest ta Disambar 1994 alkawari ne daga Rasha da Amurka da Birtaniya cewa za su mutunta iyakokinta, babu wanda ya ɗauki nauyin zuwa ya yi yaƙi dominta. Rasha ta karya alkawarin a 2014 da ta ƙwace Kirimiya, ta sake karyawa a 2022. Koriya ta Arewa kuma ta shafe fiye da shekara 50 ba a mamaye ta ba tun kafin ta samu bam, saboda manyan bindigoginta na kallon birnin Seoul, ga kuma Sin a bayanta.

Duk da haka ba zan yi wa direban ƙwauron gaskiya ba. Abin da aka yi wa Yukren ya yi wa yaƙi da bazuwar nukiliya illar da za a daɗe ana jinya. Yanzu a Koriya ta Kudu ana maganar mallakar bam a fili, abin da a da sai a bayan ɗaki.

Wane adalci ne wasu su riƙe, su hana wasu? Me ya sa Iran ba ta da dama amma Isra'ila na da?

Babu adalci, kuma yarjejeniyar kanta ba ta ɓoye hakan ba. Yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya, wadda aka buɗe sa hannu a 1968 ta fara aiki a 1970, ta amince da ƙasashe biyar kawai, waɗanda suka yi gwaji kafin 1967. Su ne kuma masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu. Cinikin shi ne: sauran ƙasashe ba za su nema ba, za a taimaka musu da nukiliyar zaman lafiya, su kuma biyar ɗin za su yi tattaunawa da zuciya ɗaya don kwance ɗamara. Marasa shi galibi sun cika nasu. Masu shi suna ta sabunta makamansu. Ƙungiyar ICAN, mai fafutukar kawar da makaman nukiliya, ta ƙiyasta cewa ƙasashen tara sun kashe sama da dala biliyan 91 a kan makaman a 2023 kaɗai. Wanzami ba ya son jarfa.

Ta fuskar doka, bambancin Iran da Isra'ila shi ne Iran ta sa hannu a yarjejeniyar, don haka IAEA, hukumar duniya mai sa ido kan makamashin nukiliya, na da hurumin bincikarta. Isra'ila da Indiya da Pakistan ba su taɓa sa hannu ba, Koriya ta Arewa ta fice a 2003. Wato wanda ya ƙi shiga masallaci ba a tuhumarsa da ɓata sahu. A yarjejeniyar 2015 Iran ta yarda ba za ta tace yuraniyom fiye da kashi 3.67 cikin 100 ba. Trump ya fitar da Amurka a Mayun 2018, daga baya Iran ta kai kashi 60, na bam kuwa wajen kashi 90 ne. Kashi 60 ya wuce abin da tashar lantarki ke buƙata nesa ba kusa ba, wannan ma gaskiya ce da masoya Iran a teburinmu ba sa son ji.

Sai dai rashin adalcin tsari bai sa rushe shi ya zama alheri ba. A farkon shekarun 1960 Kennedy ya yi fargabar ƙasashe 15 zuwa 25 za su mallaki bam cikin ɗan lokaci. Yau tara ne.

Najeriya ta taɓa sa baki a wannan harka kuwa?

Sosai, kuma tun tana jaririya. Faransa ta yi gwajinta na farko a Fabrairun 1960 a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, wato ɓangaren da iskar hunturu ke taso mana. Da ta yi na uku a ƙarshen Disambar shekarar, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragen sama da na ruwan Faransa shigowa. Ƙasa mai wata uku da samun 'yanci ke nan. Duk shekara in na zo wannan darasi a aji, sai in ga ɗalibai sun gyara zama.

Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar 1968. Tana cikin yarjejeniyar Pelindaba da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009, wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyar Afirka. Tana kuma cikin 'yan ƙasashen da suka ja ragamar sabuwar yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya, tare da Ostiriya da Barazil da Ayalan da Meziko da Afirka ta Kudu. Ƙasashe 122 suka amince da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya a Yulin 2017, Najeriya ta tabbatar da nata amincewar ranar 6 ga Agustan 2020, daidai cika shekara 75 da Hiroshima. Babu ko ɗaya cikin masu bam da ta shiga.

Ba kowa ne ya bi wannan layi ba. Farfesa Ali Mazrui na Kenya ya ce a 1979 gara Afirka, har da Najeriya, ta nemi bam, ko hakan zai firgita manya su yarda kowa ya ajiye. Farfesa Bolaji Akinyemi ma, yana ministan harkokin waje a zamanin Babangida, ya yi maganar bam ɗin baƙar fata. Dalilinsu a lokacin gwamnatin wariyar launin fata ce ta Afirka ta Kudu, kuma zarginsu ya tabbata: a Maris 1993 shugaban ƙasar, de Klerk, ya amsa cewa sun ƙera guda shida, sun kuma lalata su. Ita ce ƙasa ɗaya tilo da ta ƙera da kanta ta kuma warware.

To me zai hana mu ƙera namu, a riƙa jin tsoronmu? Ga yuraniyom nan a Nijar.

Matasa ne suka fi yi mini wannan, kuma na fahimci zafin da ke bayanta. Amsata a'a ce, ba don tsoron Turawa ba.

Razanarwa na aiki ne a kan maƙiyi mai adireshi, mai babban birni da fada da abin da yake tsoron rasawa. Wa ke kashe 'yan Najeriya yau? Boko Haram da ISWAP a yankin Tafkin Chadi, 'yan bindiga a dazukan Zamfara da Katsina, masu garkuwa da mutane a kan hanya, da maharan dare a ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Wanne za ka jefa wa bam ɗin? Dajin ƙasarka ne, mutanen da aka sace suna ciki. Pakistan na da bam tun 1998, bayan da tsohon shugabanta Zulfikar Ali Bhutto ya ce ko ciyawa za su ci sai sun samu, amma hakan bai hana 'yan bindiga shiga makarantar sojoji a Peshawar a Disambar 2014 su kashe yara sama da 130 ba. Bam bai kare Amurka ranar 11 ga Satumbar 2001 ba, bai kare Rasha daga harin makarantar Beslan ba. Rigimar iyaka mafi zafi da muka yi da maƙwabciya, ta Bakassi, a kotun duniya aka yanke ta a 2002.

Batun yuraniyom kuma, haƙo shi ne mafi sauƙi. Tun farkon shekarun 1970 ake haƙarsa a Arlit, Nijar ba ta zama mai bam ba, ko wutar kirki ba ta samu ba. Yuraniyom ɗin da aka yi aikin bam ɗin Hiroshima da shi ma galibi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. Nau'in da ke fashewa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake haƙowa ba, tace shi na buƙatar dubban injuna masu juyawa da tsananin gudu, da wutar da ba ta ƙiftawa. Ƙasar da layin wutarta na ƙasa ke durƙushewa sau da dama a shekara, a fara gyara wannan tukuna. Ga takunkumi da zai biyo baya, ga maƙwabta da za su fara nasu lissafin. In masu nazarin manufofin ƙasa a cibiyar Kuru, nan bayan Bukuru, za su tambaye ni inda za a zuba kuɗin tsaro, zan ce a bayanan sirri, da 'yan sandan da za su iso ƙauye kafin gari ya waye, da kotun da za ta hukunta wanda aka kama.

An ce akwai nukiliya a Zariya. Gaskiya ne?

Akwai ƙaramin injin bincike a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙirar Sin, wanda ya fara aiki a 2004. Ƙarfinsa wajen kilowat 30 ne, ana gwajin ƙasa da ma'adinai da horar da ɗalibai da shi. A 2018 an cire makamashinsa mai yawan tacewa aka mayar Sin, aka sa masa wanda ba ya bam. Mu a Filato abin da ya fi kusa da mu shi ne tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari, mai ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshan, wadda wasu ke ɗiba suna gini da ita.

Me addini ya ce?

Ni ba malamin addini ba ne, tarihi nake koyarwa. Amma wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa sananniya ce: kada a kashe mata da yara da tsofaffi, kada a sare itatuwa masu 'ya'ya. Makamin da ke cinye gari da jariransa ba ya iya bin wannan. Hukumomin Iran sun daɗe suna kafa hujja da fatawar Ayatullah Ali Khamenei da ta haramta shi. Masu halatta mallaka, kamar a Pakistan, sukan jingina da umarnin yin tanadin ƙarfi don tsoratar da maƙiyi, su ce ajiyewa daban, harbawa daban. A ɓangaren maƙwabtanmu Kirista, Fafaroma Francis ya faɗa a Hiroshima a 2019 cewa mallakar ma kanta ba daidai ba ce. Tambayar da ta rage wa masu cewa ajiyewa kawai za su yi ita ce, barazanar ba ta aiki sai in da gaske kana shirye ka aikata.

In aka yi yaƙin can, mu a nan zai shafe mu?

Wutar ba za ta iso Jos ba, yunwar ce za ta iso. In birane suka ƙone, hayaƙin na hawa sama can inda ruwan sama ba ya wanke shi, ya dusashe rana na shekaru, damina ta rikice. Wani bincike da masana yanayi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa babban yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai na iya jefa mutane kusan biliyan 2 cikin halakar yunwa, na Amurka da Rasha kuwa fiye da biliyan 5. Ƙiyasi ne na kwamfuta, ana gardama a kan girman lambobin, amma hanyar da abin zai bi a bayyane take.

Kuma shingayen da aka gina suna ta zubewa. Yarjejeniyar 1987 da Reagan da Gorbachev suka yi kan makamai masu matsakaicin zango ta mutu a 2019. Ta 2010 da ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kawuna 1,550 kowannensu a girke, Rasha ta dakatar da aiki da ita a Fabrairun 2023, wa'adinta kuma ya ƙare ranar 5 ga Fabrairun 2026. Sin, wadda ba ta cikin ko ɗaya, tana ƙara nata da sauri.

Mun ɗan ɗanɗana somin-taɓi a 2022. Ba a harba nukiliya ko ɗaya ba, jiragen alkama da na taki ne kawai suka maƙale a tekun Bahar Aswad. Wani abokina mai noman dankali a Bokkos ya rage gonarsa biyu a daminar nan don buhun taki ya fi ƙarfinsa, mai shayinmu kuma ya fara yanka burodi siriri har kana hango fitila ta cikinsa.